Turke da Sahu

A rumfar mai caji ta bakin kasuwar Gagarawa,
inda sola ke shan rana tana shayar da wayoyi,
na ɗora kwamfuta bisa buhun riɗi
ina gina wa ƙungiyarmu manhajar awo:
sunan manomi, yawan tiya, ragowar bashi,
da koren maɓalli mai cewa "an biya".

Kowane abu na sassaƙa masa turke.
Kai suna, ɗigo arba'in daga hagu, tsaya nan.
Ke lamba, ɗari biyu daga sama, kar ki motsa.
A wayata komai ya zauna daram,
kamar tumakin Inna da damina, kowace da igiyarta.
Na ce na gama. Har na aika a sayo mini awara.

Sai Kawu Nomau ya miƙo tasa,
'yar ƙarama, mai tsaga a kusurwa,
wadda jikansa ya ƙara wa girman baƙi
don ido ya fara gajiya.
Sunan kuwa ba gajere ba ne,
Nomau Ɗan'azumi Sarkin Noman Gabas.
Suna ya miƙe ƙafa ya taka lamba,
lamba ta haye kan bashi,
"an biya" ya faɗa bayan gari, ko wutsiyarsa ba a gani.
Da ya kwantar da wayar
duk suka cure a lungu kamar kajin da ruwa ya doka,
rabin fuskar saura ce, ba shuka.

Ya ce, "Ke Ladidi, kuɗina ne ya ɓace ko bashina?"

Na zauna lissafi har la'asar sakaliya.
Wayoyin ƙungiya tamanin da bakwai,
kowace da tsawonta, kowace da faɗinta.
Turke nawa zan sassaƙa, da wane gatari?

Da magariba, ta saman zana,
na hango maza suna tayar da sahu.
Babu wanda ya auna wa Tanko mahauci inda zai tsaya.
Mai jiki ya ci faɗinsa, siriri ya ci nasa,
sahu ya cika, aka soma wani a baya.
Yaro ya fice sake alwala,
kafaɗu suka matso, giɓin ya rufe da kansa.
Magana ɗaya aka faɗa: a daidaita.

Daren nan na tumɓuke turakuna.
Na rubuta: ga mazubi a tsaye, cikinsa sahu-sahu,
tazara takwas tsakanin maƙwabta.
Suna, ci abin da ya rage, in ka yi tsawo ka naɗe ƙafa.
Maɓalli, kar ka ƙanƙance ƙasa da babban yatsan manomi.
Ban ce wa kowa ga inda za ka tsaya ba,
na faɗi yadda za su zauna da juna,
na bar wa na'ura wahalar awo.

Ban ƙona turakun duka ba.
Akwai jan ɗigon nan na tunin bashi
da ke maƙale a kunnen hoton ƙararrawa,
shi ba ɗan sahu ba ne, a kafe yake da kyau.
Sau ɗaya na yi wauta,
na sa abu a sahu, na kuma kafa masa turke,
na'ura ta yi mini tsawa da jan rubutu.
Gaskiyarta. Ba a ɗaure tunkiya
sannan a ce ta bi garke.

Ranar kasuwa Kawu ya dawo.
Ya tsayar da waya, ya kwantar, ya sake tsayarwa,
sunansa ya naɗe layi biyu, ladab da shi,
kowa ya matsa wa ɗan'uwansa.
Ya kai fuskar kusa da hanci, ya karanta a hankali:
bashi, tiya goma sha huɗu.

Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Aiki ya yi kyau, 'yar nan.
Amma da wannan kika bari a bayan garin."