Kuregen Dayton

Dawaki ɗari huɗu ne a cikinta, in ji takarda,
amma da asubar Talata ko ɗaya bai yi haniniya ba.
Fitila ta ƙifta sau biyu, ta mutu.

A garejin dillali
Darnell ya jona mata kwamfuta kamar mai ƙarin ruwa,
ni kuwa ina kurɓar kofi mai ɗanɗanon kwali,
ina lissafin albashin da bai shigo ba.

Ƙarfe uku ya fito da guntun waya a tafin hannu,
duk sawun haƙori.
Kurege ne, ya ce. Sanyi ya koro shi.

Dala ɗari tara.
Na dawo gida injin na gurnani,
ga gogan kan katanga, kumatu cike,
ko sannu da zuwa.