Mita Goma Sha Takwas

Katin ya iso ranar Laraba,
cikin ambulan, a hannun direban motar Abuja.
Na buɗe shi a Farin Gada, gefen mai dankali.
Ga hotona, gira a jiƙe,
ƙarƙashinsa an rubuta iyakata:
mita goma sha takwas.

Inna ta juya shi gaba da baya.
Ta ce, "Mu mutanen tudu ne.
Wa ya aike ki ƙasan ruwa?
Kifin da aka haifa a can ma, ƙarshensa tukunya."
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ban gaya mata yadda abin yake ba:
yadda tukunyar iska ke danne kafaɗa a bakin tafki
kamar buhun masara,
sai ruwa ya karɓe ta, ta zama ba komai.
Yadda za ki toshe hanci ki hura
har kunne ya ce ƙyas, ya buɗe.
A can numfashi ne kaɗai ke magana,
ya shiga da ƙugi, ya fita da kumfa,
kumfar na hawa sama kamar an aike ta.
Dokar farko, in ji malamarmu Chundung:
kada ki riƙe numfashi.
Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da nawa
ban sani ba.

Yanzu ta aiko min da hanya biyu.
Ɗaya ta zurfi ce, mita talatin,
da nutson dare da tocila a hannu,
daga nan sai teku.
Ashir da Nanret sun fara tara kuɗin jirgi,
suna turo min hotunan kifaye
masu launi kamar atamfar biki.
Ba zan yi ƙarya ba, ina so.
Ina kallonsu har batir ya mutu.

Ɗayar kuwa ba ta da hoto.
Nema da ceto: igiya a ƙugu,
laka har ba ki ganin yatsunki,
tafin hannu shi ne ido.

Bayan Bukuru akwai wani rami.
Kakana ya haƙi kuza a cikinsa har bayansa ya rusuna.
Kamfani ya kwashe ya tafi,
damina ta zo ta cika abin da aka bari.
Kore shar, shiru, ko kwaɗo ba ya kuka.
Tanimu yana da shekara tara.
Ƙwallonsa ce ta gangara.
Kwana uku maza na tsaye da gora da ƙugiya,
suna laluben abin da gora ba ta kaiwa,
har ruwan ya gaji don kansa ya dawo mana da shi.
Kwana ukun nan ne ya tsufar da Inna,
ba mutuwar ba.

Ranar Asabar na je na tsaya a bakinsa.
Sanyin Jos yana cizon kunnuwana.
Na tsoma hannu. Ruwa ne kawai,
ba aljani, ba baki, ba haƙora.
Na kira Chundung na ce, ta biyun.

Ta yi shiru, sannan ta ce,
"Nutsonki nawa a littafi?"
Na ce huɗu.
Ta ce, "Ki kawo min ashirin a ruwa mai haske tukuna.
Ba na sa mai gaggawa cikin laka."

To.
Na dawo gida, na buɗe littafin,
na ja layi, na rubuta biyar,
na bar gurbin kwanan wata.
Da dare na tarar da katin a ɗakin Inna,
ta jingine shi jikin madubi
kusa da hoton Tanimu,
ta goge masa ƙura da bakin zani.