Zobba Bakwai

A Channapatna, bayan tashar jirgin ƙasa,
tsoho Timmaya na murza itace a bakin inji.
Ya danna ƙaro mai launin kurkum,
zafin juyi ya narkar da shi, itace ya sha rawaya.

Zobba bakwai da sanda guda.
Odar wata makarantar yara ce a Bengaluru,
amma sai Nandini ta fara gwadawa,
jikarsa, shekara biyu, baki duk yawu.

Ƙaramin ta ɗauka, ta fara tauna.
Ta zura shi, ya maƙale can sama,
babban ya zo ya rasa hanya.
Ta buga. Ta ƙara bugawa. Ta kalli kakanta.

Uwarta ta miƙo hannu daga bakin ƙofa.
Tsoho ya ce, bar ta, Ratnamma.
Da gangan na yi wa sandar nan kauri a gindi,
don ta yi gardama da yaro a madadina.

Shayinsa ya huce. Jirgin Mysuru ya wuce.
Nandini ta zare ƙaramin, ta wurga ƙarƙashin benci,
ta zura jan, ya sauka har ƙasa, ƙwas!
Ta tsaya.
Ta zare shi, ta sake, don ta ƙara jin ƙarar.

Ba ta kai na bakwai ba ranar.
A na huɗu barci ya sace ta, shuɗi a tafin hannu.
Da yamma tsoho ya ƙirga kayan kwali,
ya rubuta: saura ɗaya, sai gobe.
Wannan akwai sawun haƙori.