Ƙaurin Wake

Shekara huɗu ke nan Inna Dudu tana zuwa mini cikin barci.
Ba ta sallama, da ma ko tana raye ba ta saba ba.
Sai dai in gan ta tsugune gaban murhun banda,
can Dadin Kowa, inda ake jiyo kukan ruwan dam,
tana juya tarwaɗa da yatsun da wuta ta gaji da ƙonawa.

Komai nakan gani.
Faso a dugaduginta, ɗankwalin da ya koɗe,
ƙudaje suna shawagi a bakin kwando.
Nakan ji tarinta, in ji tana faɗa da Iliya:
rage itacen nan, kifi nake so, ba gawayi ba.
Amma in na matsa na ja numfashi,
wayam.
Mafarki ya kawo mini uwa ɗungurungum,
ya yar da ƙanshinta a hanya.

An ce hanci bai san daɗin gishiri ba.
Nawa har hanyar gida bai sani ba in dare ya yi.
Na faɗa wa Sista Rifkatu a ɗakin magani,
ta yi dariya tana ƙirga ƙwayoyi:
ido ya rufe amma yana kallo,
kunne yana kwana da ƙafa ɗaya a waje,
shi kuwa hanci maigadi ne da ya jingine sanda,
kada ki ba shi amanar ranki.

Akwai zaninta a ƙasan akwatina a Bolari.
Shekarar farko, hayaƙi ne da man shanu da sabulun salo.
Ta biyu, sai na dulmuya fuska sosai.
Bana kafur kaɗai ya rage,
ƙanshin akwatin kowa.

Ran wata Talata na taso aiki a gajiye,
na ɗora wake a risho,
na ce bari in miƙe bayana minti biyar.

Ga ta nan. Ga murhu, ga kwando.
Sai wani abu ya silalo ta ƙarƙashin ƙofar mafarkin,
mai ɗaci, mai kauri, yana kama maƙogwaro.
Hayaƙi!
Na shaƙa, na ƙara shaƙa kamar mai rama azumi.
Ta ɗago ta ce, Hansatu, kin rame,
matso nan.
Na cusa fuskata a wuyanta
kamar ran da aka kai ni makarantar kwana a Doma,
na ce yau kam kin zo gaba ɗayanki.

Dukan ƙofa ne ya raba mu.
Baffa Jauro da taɓaryar matarsa,
sakata ta tashi, yara suna ihu, ana miƙo bokiti.
Ɗaki ya turnuƙe, ba ka ganin tafin hannunka.
Wake ya zama tsakuwa,
tukunya ta yi baƙi ƙirin har marfi.

Aka zaunar da ni a tsakar gida, ana yi mini fifita.
Kin auna arziki, in ji wannan.
Barcin nan naki sai ka ce na mutuwa, in ji waccan.
Hawaye suna zuba, suka ce yajin hayaƙi ne,
na bar su a haka.
Na gode wa Baffa, kuma har zuciya na gode,
sai dai akwai wani lungu a cikinta
da ya so a ce ya ƙara ko minti ɗaya kafin ya buga.

Tukunyar na kankare da toka da yashi.
An gyara sakata, dubu biyu.
Labulen ne har yau ban wanke ba,
mako uku ke nan.
Kafin in kwanta nakan tsaya a jikinsa, in ja numfashi,
in riƙe,
ko hanci zai yarda ya raka ni ƙofa.