Awarar Morioka

Ƙarfe uku na dare, Morioka na barci,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin shago.
Na tsame waken da ya kwana a ruwa,
ya kumbura kamar idon da ya sha kuka.

Shekara talatin da ɗaya ina niƙa,
ina tacewa, ina ɗiga ruwan gishirin teku,
madara ta tsinke, ta dunƙule, ta zama awara.
Chizuru ke yanka ta cikin ruwan sanyi,
yatsunta jawur, ba ta taɓa cewa wash ba.

Yau sati shida da cire mata nonon hagu.
Ni nake yanka yanzu.
Kullum wani gefen sai ya fi wani.

Matar mai kifi ta ja ni gefe:
"Wai waken suya ke ciyar da sankara, na karanta."
Ta sayi guda biyu, ta tafi abinta.
Daren nan ban kunna wuta ba.
Na zauna kan buhu ina lissafi:
kwano nawa na miƙa mata da hannuna
tun ranar da ta shigo gidan nan?

A asibiti na cire hula, na tambaya.
Likita Hasebe ta ajiye biro.
"Wanda ya ɗora wa wake laifi
ya faɗi abin da bai sani ba.
Matan da suka tashi da shi tun ƙuruciya,
in an ga bambanci, sauƙi aka gani.
Amma ba laya ba ne, ga matarka shaida.
Ta ci abincinta, kwano ɗaya, kwano biyu.
Ƙwayoyin kanti masu ɗauke da sunansa
ku bar su sai na duba."

Ban gaya wa Chizuru na tambaya ba.
Ashe ta riga ni, tun ba a warware ɗinki ba.

Yau kafin gari ya waye na ji taku a matakala,
a hankali, tana dafa bango.
Ta sa ludayi a madarar da ba ta gama kamawa ba,
ta hura, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.
"Gishirin ya yi yawa, Genzo.
Sati shida kacal, ka kashe sana'a."

Ta miƙo hannun dama, na ba ta wuƙa.
Na hagu bai ɗaguwa tukuna,
ni na riƙe mata katakon.