Yaron Garmaho

Ni ban taɓa rawa ba.
Nawa aikin hannun garmaho ne:
in waina, in waina, in ɗora allura a bakin faifai,
in ja gefe in tsaya
kamar fitilar da aka manta a kunne da rana.

Asabar, ƙarfe huɗu, zauren ma'aikatan reluwe.
Mukan barbaɗa hoda a siminti don takalmi ya sami santsi.
Buta mai hular saƙa, madarar gwangwani,
ƙwayar sukari biyu, ba a ƙari.
Akawuna da kwat ɗin aro,
'yan masaƙar Kakuri da sauran auduga a gira,
Malam Dogara mai duba tikiti
yana ƙirga taku da leɓe kamar mai lissafin bashi.
Sai Rifkatu ta ofishin tafireta,
wadda yatsunta ba su san an tashi aiki ba,
suna ta buga wasiƙa a kafaɗar abokin rawa.

In na shagala da kallo, kiɗa ya yi nauyi,
ƙaho ya koma kukan bijimi,
zaure duka ya waiwayo:
"Tanko! Waina mana!"

Akwai faifai guda da na taɓa kayarwa.
Ya sami tabo, siriri kamar tsagar Fulani,
kullum allura ta iso nan sai ta yi tsalle.
Ba a kore ni ba.
Sai ƙafafu suka koyi tsallen,
ya zama cikin rawar.

Daga baya masaƙa ta yi shiru.
Zaure ya koma ma'ajiyar buhunan taki.
Wata shekara kuma kogin da muke tsallakawa da keke
ya wayi gari ya zama iyaka,
wasu suka haye gada da katifa a ka,
ba mu yi sallama ba.

Makon jiya jikata Nusaiba ta ce,
"Kaka, sa hularka, ana rawar da a Barnawa."
Yara ne suka kama zaure.
Sun tono akwatunan kakanni, wuri sai ƙamshin kafur,
wanduna masu faɗin ƙafa, ɗan kwali kamar rufin coci.
Kiɗa daga waya yake fitowa,
ba hannu, ba allura, ba wanda za a yi wa tsawa.
Shayinsu ya yi ruwa.
Hoda ma ba su sa ba, na yi shiru da bakina.

Can kusa da taga wata tsohuwa ta jingina sanda,
yatsunta na bugun gefen kofi.
Ban bukaci a faɗa mini suna ba.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Kai ne yaron garmaho.
Ina ganin ƙafarka a ƙarƙashin tebur, tun a wancan zamani.
Tashi. Yau babu abin wainawa."

Na ce gwiwa.
Ta ce ita ma ba ƙarfe aka sa mata ba.

Ashe ido ma yana koyon karatu.
Ɗaya, biyu, uku, na ji leɓena yana ƙirge irin na Dogara,
Allah ya ji ƙansa.
Sai ga waƙar nan ta faifan da na kayar,
sumul, an wanke ta, babu tabo.
Da muka iso gurbin,
kiɗa ya wuce abinsa,
mu kuwa, mu biyu, muka ɗaga ƙafa muka yi tsallen.

Yara suka tafa, suka ce salo ne,
suka shiga kwaikwayo, har da Nusaiba.
Rifkatu ta matse mini kafaɗa da yatsa uku.
Ban san abin da ta rubuta ba.
Shayinmu ya huce a kan taga,
ana kiran la'asar sakaliya a wani masallaci can ƙetaren kogi.