Nauyin Harshe

Masahudu ya shigo Magazin ɗin Suame da hantsi,
motarsa ƙarama, fara, hancinta na kallon sama,
gindinta na sharar ƙasa.
A bayanta wani ɗaki mai taya biyu,
da taga, da labule, har da murhu a ciki.
A Tema ya sayo shi, in ji shi,
zai kai iyali Mole su ga giwa,
su kwana a nasu, ba mai karɓar musu sidi.

"Baba Dantani, ɗan ɗiga mini walda a ƙugiyar nan,
tun daga Aboabo take kuka."

Na kashe wuta, na ɗaga gilashi.
Ƙarfe ba ya kuka a banza, yaro,
sai an ɗora masa abin da ya fi shi.

Na aiki Kwadwo wurin Maame Serwaa mai sayen tsoffin ƙarafa,
ya aro sikelinta, wanda ko ɗanta ba ya yi wa ragi.
Muka kwance ɗakin, muka ɗora harshensa a kai.
Harshe muke ce masa a nan,
dogon ƙarfen da ke miƙowa gaba ya kama mota.
Allura ta yi rawa, ta haye kilo ɗari biyu da sittin,
ta tsaya can tana kallonmu.

Ɗakin nan da kayansa dubu ne da ɗari biyu.
Zakkar harshe a ciki ɗaya bisa goma,
in ta yi yawa, sha biyar cikin ɗari.
Kai ka jibge janareta, tukunyar gas, jarkoki shida,
duk a bakin ƙofa,
ka ɗage tayoyin gaba, su da ke riƙe da sitiyari.

Ya ce, "To, a mayar da su baya mana!"

Sai na ɗage ƙafar wandona.
Ka ga wannan ɗinkin?
Albasar Bawku ce, buhu talatin,
ni na shirya ta da hannuna, duk a wutsiya,
ina murna mota ta miƙe.
A gangaren Kintampo tirela ta fara kaɗa jela
kamar tarwaɗa a kwando.
Na taka birki, ta ce ba da ni ba.
Kwana uku mutanen ƙauyen na tsintar albasa a kwari.
Issaka, yaron motata,
har ya rasu bai sake ɗaga hannun dama ba.

Harshe in ya yi sauƙi, ɓarna.
In ya yi nauyi, ɓarna.

Na buɗe ƙofar motarsa, na goge farantin da babban yatsa,
na nuna masa lambar da maƙeranta suka buga.
Ɗari tara ce iyakarta.
Ko mala'iku suka shirya maka kayan,
wannan ba ta jan wannan.

Nan nasa harshen ya kwance.
Na tsufa, na cika tsoro, ina neman kuɗin walda babba.
Ya bar ɗakin a gindin mangwaro ya fita a fusace,
motar na tsalle, ta huta.

Ran Juma'a bayan an sauko
sai ga shi da akori-kurar surukinsa.
Bai yi magana ba, ni ma ban yi ba.
Muka zaunar da jarkoki bisa tayoyi,
janareta ɗan gaba kaɗan,
muka ɗaure kowa da igiya.
Allura ta ce ɗari da arba'in.
Kwadwo ya durƙusa ya hango ta ƙasa:
mota da ɗaki sun daidaita kamar sahun sallah.

Na maƙala sarƙa biyu, na gwada fitilun baya.
'Yarsa ta ɗaga labule tana yi mini bai-bai,
na ce a sauko da ita, ba a zama a ciki ana tafiya.

Ya buɗe baki, ya rufe.
Sai da suka sha kwana na ga goro biyar
a cikin ganye, a kan maƙera.